Fuskar Habu da Maganin Inna

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Ni ce Talatu, matar Malam Isa tela a Birnin Kudu, haifaffiyar Fagam ta ƙasar Gwaram. Ni na yi jinyar ƙanena Habu lokacin da likita ya kankare masa fuska. Na rubuta wannan don wanda Allah ya ɗora wa irin wannan jinya ya san abin da ke gabansa, domin ni faɗo mini ta yi a ka ina zaune. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga karkata ya miƙe da kansa.

Habu shi ne autanmu. Mu biyar Inna ta haifa. Wata bazara agana ta shigo Fagam ta kwashe ukun tsakiya, ni ta tsallake ni don ina gidan kakarmu a lokacin. Habu ta kama shi yana tatata, ya tashi da ƙyar, amma ta bar masa zanzana tun daga goshi har haɓa, babu inda za ka ɗora yatsa ba ka faɗa rami ba. Yara suka sa masa suna Rariya. Sunan ya bi shi firamare, ya bi shi kwaleji, har ya zama malamin makaranta ɗalibansa suna raɗa shi a bayan aji. Bai taɓa yin faɗa a kai ba. Sau ɗaya dai ya ce mini, "Yaya, ni fa ban taɓa ganin fuskata ba. Ta agana nake gani."

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka ƙara wa ma'aikata albashi har da na baya a dunƙule, mutane suka rikice. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya yaye jinka ya rufa kwano. Na ce wa Habu ya sayi keken ɗinki mijina Malam ya riƙa juya masa. Ya yi murmushi ya ce yana da abin da zai saya. Na ɗauka aure yake nufi, har na fara lissafa 'yan matan unguwa.

Ana tsakiyar zafi, makarantu na hutu, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji mota ta tsaya a ƙofa. Malam Yohana, abokin koyarwar Habu, ya yi sallama ya shigo riƙe da hannun wani mutum da aka naɗe kansa da farin bandeji gaba ɗaya, ba a bar komai ba sai idanu da ƙofar hanci da baki. Takalman na gane. Na saki faifai na ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Hatsari kuka yi?"

"Ba hatsari ba ne, Yaya," in ji bandejin, da muryar Habu. "Da kuɗina aka yi mini."

Malam Yohana ya zaunar da shi ya yi mini bayani. Wai akwai wani likita Ba'indiye a wani asibitin kuɗi a Kano, yana da ɗan inji mai juyawa da haƙoran waya. Sai ya kashe fatar da magani, ya bi ta da injin yana kankarewa har tudu ya daidaita da rami, daga nan sabuwar fata ta tsiro sumul. Na ce, "Fuskar mutum ce ko daɓen ɗaki?" Ba wanda ya yi dariya. Har yau in na tuna cewa ɗan'adam ya kwanta da ƙafarsa an goge masa fuska da waya, kuma ya biya, sai tsigar jikina ta tashi.

"Maman Asabe," in ji Malam Yohana, don haka yake kirana, "aikin likita ya ƙare, saura naki, kuma naki ya fi yawa." Ya ce ruwan da zai taɓa fuskar sai wanda aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri. Auduga sabuwa kowane lokaci. Man da likita ya bayar a gwangwani shi kaɗai za a shafa. In ɓamɓaroki ya fito kada a ɓamɓare, a bar shi ya faɗi don kansa. Rana kuwa kada ta gan shi har watanni. Ya sa na maimaita masa kamar 'yar aji. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai: "Likita ya ce ki ɗauka jariri aka haifa a fuskarsa."

A makon farko muka je asibitin garinmu a cire bandeji. Mun fita da sanyin safiya na lulluɓe shi da zanena, amma layin ya riga mu, ga masu tari, ga masu gyambo, kowa ya bar ciwonsa ya zuba wa Habu ido. Da aka zo kanmu malamin asibiti ya jiƙa bandejin ya warware a hankali. Na yi ta maza na leƙa. Abin da na gani ba fuska ba ne, nama ne ja kamar wanda aka feɗe yanzu, yana tsattsafo da ruwa. Sai ga ni zaune a siminti, malamin yana cewa a ba mai jinya ruwa tukuna. Allah ya saka wa mutumin nan, shi ya nuna mini yadda ake dannawa da auduga ba a gogawa.

A gida fuskar ta kumbura har idanun suka rufe. Baki ba ya buɗuwa, da butar shayi nake ɗura masa kunu. Wani ruwa rawaya yana fita yana manne masa da matashi, sai na jiƙa kafin ya ɗaga kai. Ƙudaje suka ji labari suka yi gayya, muka ɗaura masa gidan sauro ya zauna ciki wuni. Rannan na shiga na tarar ya lalubo ƙasa a kusurwar ɗaki zai yi taimama, tunda an hana shi ruwan randa. Na buge hannun. Malam Isa ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce Habu ya yi alwalarsa, in ya zo fuska ya shafa sama-sama a kan tsumma mai tsabta ya wadatar.

Mako na biyu ɓamɓaroki ya rufe fuskar, baƙi-baƙi, yana tsattsagewa in ya motsa baki. Sai ƙaiƙayi ya ce ga ni. Babban mutum, malamin makaranta, yana roƙona, "Yaya, gefen hanci kawai, sau ɗaya." Malam ya ɗinka masa jakunkuna biyu da guntayen yadi, na zura hannuwansa ciki na ɗaure a wuyan hannu. Habu ya ce zai kai ni ƙara wurin alƙali. Na ce ya je, amma da lulluɓi.

A makon ne 'yan dubiya suka buɗe mana wuta. Kowa ya zo da sannu, kowa ya zo da magani. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wata man kaɗanya, wata garin ganyen magarya. Wani dattijo ya ce ba abin da ya kai kashin shanu mai ɗumi, kuma da gaske yake. Akwai wanda ya so ya yi tofi kai tsaye a kan ciwon. Na kafa turmina a ƙofar ɗakin na zauna. Duk wanda ya kawo magani na karɓa hannu biyu, in yi godiya, in ya fita in zuba a bola. Aka ce Talatu ta yi girman kai tun da ƙanenta ya ga likitan Kano. Ban damu ba. Itacen tafasa ruwa kaɗai ya isa ya hana ni jin gulma, ga man gwangwani da ba a samu sai a kantin magani na Kano, sai mun bi direbobi da roƙo. Matar Malam Yohana ita ke aiko mini da auduga, ba ta taɓa karɓar komai ba.

Duk wannan Fagam ba su sani ba. Habu ya ce a bari ya warke ya je da kansa ya tsaya gaban Inna. Ni ma ban matsa ba, domin tsakanina da Inna ba a doguwar magana. Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama hira inda nake. "'Yar nan" take ce mini, in tana da saƙo sai ta faɗa wa ƙanwarta Gwaggo Hansai ko da ina tsaye a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka ake yi. Habu kuwa nata ne, shi kaɗai ta ƙwato daga agana da hannunta.

A mako na uku ɓamɓarokin ya fara faɗuwa da kansa, kaɗan-kaɗan, ina tsince shi a shimfiɗa. Na dubi abin da ya fito daga ƙarƙashi. Fata ce sumul, tana sheƙi, ramukan nan duk sun shafe sai 'yan kaɗan a gefen kunci. Amma ja ce, ja mai haske irin ta tafin jariri, ga wuya da kunnuwa baƙaƙe yadda suke. Habu ya ce in ba shi madubi. Ya daɗe yana kallo, yana juya kai hagu da dama. Sai hawaye. Na ce, "Kai, kada ka goge!" Na ɗauko auduga na danne masa, nawa hawayen suna zuba ba mai danne mini.

Malam Yohana ya raka shi Kano, suka dawo da murna. Likita ya ce aiki ya yi kyau fiye da yadda ya zata. Jan zai tafi a hankali, launinsa ya dawo da kansa cikin watanni, muddin rana ba ta taɓa shi ba, kuma ba a goga masa komai ba. Fatar har yanzu siririya ce, ko tawul mai kaushi zai iya yaga ta. Na ce wannan mai sauƙi ne, mun ci mai wuyar.

Ashe ba mu ci komai ba. Wata maƙwabciya ta shigo aron taɓarya ba sallama, daidai lokacin da Habu ya fito zagawa ba lulluɓi. Ta bar taɓaryar ta juya. A ƙasarmu jan tabo a kan baƙar fata suna ɗaya gare shi, kuma kafin la'asar unguwa ta faɗi sunan: kuturta. Aka ce shi ya sa na tsare ƙofa, shi ya sa aka ɗaure masa hannuwa, yatsu ne suka fara. Mai garuwa ya daina shigowa, sai ya ajiye a waje ya ƙwala kira. Ƙosan da nake soyawa ya dawo a tire yadda ya fita. Mutane suka riƙa zuwa shagon Malam suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Na bi gida-gida ina bayani, ana ce mini "Allah ya sawwaƙe" daga nesa. Maganar ta hau motar kasuwa ta sauka Gwaram, daga Gwaram ta ƙarasa Fagam.

Inna ta zo da Gwaggo Hansai a bayan akori-kura, ita da ba ta taɓa taka gidana ba saboda kunya. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba ta ɗaga labulen ɗakin. Ba ta yi ihu ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa tana kallonsa.

"Wanda agana ta bar mini," ta ce, "shi kuma kuturta za ta ɗauka?"

"Inna, ba ita ba ce. Likita ne ya kankare zanzanar, wannan sabuwar fata ce."

"Auta, ni za ka yi wa wayo? Kun ga ta fito kuka je aka yanke, ta sake fitowa. Na ga irinta a jikin mutane tun ba a haife ka ba."

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ku saurare ni, ni na yi jinyar nan tun daga farko." Ta juya wurin Gwaggo ta ce, "Hansai, gaya wa 'yar nan ta haɗa masa kayansa." Na kama hannun Gwaggo na zayyana mata komai, ruwan gishiri, man gwangwani, rana, jaririn da likita ya ce. Gwaggo ta juya wurin Inna ta ce, "Yaya, wai an ce kada a sa masa komai." Iyakar abin da ya isa wurin Inna ke nan daga duk bayanina. Inna ta ce, "Shi ya sa ta ci fuskar duka."

Na dubi Malam ko zai sa baki, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa sosai ba, shagonsa ya zama kango, amma na ji haushi kuma na gaya masa daga baya. Habu ya ce, "Yaya, kwana kaɗan ne. Zan zauna a ɗaki, ga maina ga audugata. In hankalinta ya kwanta na dawo." Na kifa masa malafa na yafa masa zane a kai, na raka su tasha. Ban bi su ba don ina da goyo yana zawo, na ce in ya samu sauƙi na zo.

Sai da mako ya zagayo na samu tafiya. Na isa Fagam rana tana tsaka. Na yi sallama na shiga, na ga mutum zaune a kan turmi a tsakiyar gida, inda babu ko inuwar tsinke, ya ɗaga fuska sama. Fuskar baƙa ƙirin, an damɓara mata wani abu mai kauri yana naso. Na tsaya da ƙunshina a ka na kasa saukewa. Da bai ce "Yaya" ba da na ce ba shi ba ne.

Gwaggo ce ta tare ni da fara'a, tana ba ni labari kamar abin arziki. Kunkunniyar rufin madafa suka karkaɗo, da baƙin gindin tukunya, aka kwaɓa da ruwan toka da man shanu. Kafin a shafa sai Inna ta dirje fuskar da soso har ta yi jini, don magani ya samu hanyar shiga. Safe da yamma ake yi. Da rana kuma ya zauna a fili, don baƙin ya kama kamar yadda rini ke kama zane. "Ki ga har jan ya fara gudu," in ji ta.

Na isa gabansa. Na ce, "Habu, kai da iliminka? Kai da ka ji daga bakin likita?"

Ya yi magana ba ya iya buɗe baki sosai. Ya ce ranar da suka iso ya ƙi, washegari ma ya ƙi. Inna ta daina cin abinci, ta zauna a ƙofar ɗakinsa tana kiran sunayen 'yan'uwanmu uku da suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta shigo ta dafe ƙirjinta ta ce in bai bari ta yi masa magani ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. "Yaya, da me zan amsa wannan? Na ce sau ɗaya ne, in ta fita na wanke. Ban san da soso za ta zo ba. Tun a na farkon na ji fatar ta tafi, daga nan kuma me ya rage da zan tsare?"

Inna ta fito daga madafa da ƙwaryar maganin a hannu. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Inna! Kun kashe masa fuska!" Tunda nake ban taɓa yi mata haka ba. Ta dube ni cikin ido, karo na farko a rayuwata, kuma ba fushi na gani ba, tsoro ne. Sannan ta kau da kai ta ce, "Hansai, gaya mata ɗana ne."

Na taɓa wuyansa na ji zafi kamar garwashi. Na danna gefen kunci da bakin zane, mugunya ta ɓullo daga ƙarƙashin baƙin. Zazzaɓin ne ya ƙwace mini shi, don da yamma ya fara sambatu, Inna da kanta ta ce a kai shi a yi masa allura. A kan jaki muka fitar da shi bakin hanya, mota ta kai mu Gwaram, wata ta kawo mu Birnin Kudu. Aka ba shi gado a asibiti. Malamin nan da ya cire masa bandeji ya zo ya duba, ya dube ni kawai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kusan mako uku muka yi a asibiti. Allura safe da yamma, wankin ciwo kullum, Habu yana damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa su tashi. Ni ina kwana a baranda da sauran masu jinya, muna rabon tabarma da labarin ciwo. Zazzaɓi ya sauka, mugunya ta ƙafe, alhamdulillahi. Baƙin sama ya wanku. Na ƙasa ya ƙi. Kullum ina cewa gobe zai fita, kullum yana nan, sabuwar fata tana rufe shi a ciki.

Wannan karon ni na raka shi Kano. Likitan ya riƙe haɓarsa ya juya ta wajen taga ya daɗe. Ya yi magana, mai fassara ya ce, "Ya ce baƙin ya shiga ƙarƙashin fata ya zauna, kamar jarfa." Nan take na gane. Jarfa ai haka ake yin ta, a tsaga fata a cusa baƙin tukunya, kowace mace a Fagam ta san ba ta gogewa har kabari. Abin da wanzami ke yi da tsinin aska a gefen ido, shi aka yi wa Habu a fuska duka. Likita ya ce zai iya sake kankarewa ya zurfafa, amma tabon da zai bari zai iya fin wannan muni, kuma ba ya ɗaukar alkawari. Habu ya sa hularsa ya ce a bari.

Haka fuskar ta tsaya. Dabbare-dabbare, wani wuri baƙi mai shuɗi, wani wuri toka-toka, kumatun sun yi tudun tabo mai tauri inda soso ya fi ci. Zanzanar da ya biya a cire ta fi wannan kyan gani nesa ba kusa ba. Na faɗa ne don gaskiya ce, shi ma ya sani.

Da ya koma Fagam gaishe ta, Inna ta zagaya shi tana duba ko ja ya rage, ba ta samu ba. Ta yi guɗa, tsohuwa da ita. Ta yi gumba ta raba sadaka, ta gaya wa duk wanda ya shigo cewa asibiti ya kasa, ita ta kori kuturta daga jikin autanta. A Birnin Kudu ma aka yarda. Mai garuwa ya dawo, masu ɗinki suka dawo, mutanen da suka guje shi yana lafiya suka zo suna cin tuwo kwano ɗaya da shi yanzu da ya lalace. Wannan abu ya ɗaure mini kai har yau.

Na ce sai na sa Gwaggo ta gaya mata gaskiya. Habu ya riƙe mini hannu. "Yaya, uku ta binne. Ki bar ta da wannan ɗayan da ta ceto." Na ce ai ba ta cece shi ba. Ya ce ya sani, shi ke ɗauke da fuskar. Ya sa na yi masa alkawari, na yi ina kuka don haushi. Ya koma aji da fuskarsa haka, daga baya ya yi aure ya haifu. Labarin maganin Inna kuwa ya bazu a ƙauyuka, muna jin ana zuwa nema jefi-jefi, tana bayarwa kyauta saboda Allah. Duk lokacin da na tayar da maganar sai Habu ya ce tsohuwa ce, a ƙara haƙuri.

Da daminar bara Inna ta rasu. Muna zaman makoki a tsakar gida, mata cike da tabarmi, sai wata mata mai ƙuruciya ta shigo daga wani ƙauye can bayan Gwaram, janye da 'yarta da ba ta wuce shekarun fara tallan goro ba. Ba ta san an yi rasuwa ba. Ta yi ta'aziyya a rikice, sannan ta matso kusa da Gwaggo ta yi ƙasa da murya. Ta janye kallabin yarinyar ta nuna wani tabo mai haske a kuncinta, da wani a dantse. Ta ce maganin da ya warkar da malamin makaranta ta zo nema.

"Allah sarki, mai shi ta tafi," in ji Gwaggo. "Amma tare muke haɗawa, na san shi." Ta dafa gwiwa ta tashi, ta ɗauki ƙwarya ta nufi madafa.

Na dubi kuncin yarinyar nan, na miƙe na fita zaure inda maza suke zaune, abin da mace ba ta yi. Na ce, "Habu, zo." Ya ga fuskata ya biyo ni ciki bai tambaye ni ba. Na nuna masa matar da yarinyar, na nuna masa Gwaggo da ta fito da ƙwarya cike da kunkunniya. Sannan ya je ya tsuguna gaban matar, ya cire hula, ya juya fuskarsa wajen haske.

"Baiwar Allah, ni ne malamin. Dube ni da kyau, kada ki ji kunya. Ban taɓa yin kuturta ba. Fata ce sabuwa, lafiyayya, likita ya yi mini ita. Maganin da kika zo nema shi ya mai da ta haka."

Matar ta jawo 'yarta jikinta. Gwaggo ta tsaya da ƙwarya a hannu, ta ce, "Auta, to me Innarka ta warkar?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Kuma ka sani? Tun a lokacin?"

"Tun a soson farko."

Gwaggo ta zauna a inda take, kunkunniyar ta zube mata a zane ba ta kula ba. Ta ce, "Ni nake riƙe maka kai tana dirzawa." Habu ya ce, "Na sani, Gwaggo, kina yi kina yi mini sannu." Ya mai da hularsa, ya ce wa matar ta taso, yanzu zai kai su inda ake duba fata a ba da ƙwaya in kuturta ce, in ba ita ba ce a gaya mata. Ya bar zaman makokin uwarsa ya tayar da babur.

To, ga abin da na sani, mai karatu. In an kankare wa naka fuska, ja zai fito, kuma jan nan shi ne lafiyar. Ka tsare shi daga rana, daga soso, daga duk abin da likita bai bayar ba. Maƙwabta da 'yan dubiya ba su da wuyar tsarewa, turmi ɗaya a bakin ƙofa ya ishe su. Wanda ya fi kowa son mara lafiyar shi za ka fara zaunarwa ka fahimtar, tun kafin a taɓa fuskar, ko da al'ada ta hana ku magana. Na gode wa Malam Yohana da matarsa, da malamin asibitin da bai zage ni ba. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Ta tafi tana murna da abin da ta yi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina jin haushinta ina kewarta, ban san wanda ya fi yawa ba.